Jifan Murɗen Yaya

Likita ne ya ce in riƙa taka ƙasa da sassafe saboda ciwon suga, a cikin wannan yawon dole kuwa ƙafa ta kai ni inda na yi shekaru ina kauce wa. Na tsaya a bakin titi ina neman filinmu, na rasa ta inda zan fara nemansa. Inda muke wasa a da, yanzu jerin shaguna ne hawa biyu, masu sayar da waya a ƙasa, teloli a sama. Inda 'yan kallo ke zama a gindin dalbejiya an yi wurin wankin mota, janareto na ta ruri, ruwan sabulu na gangarowa titi. Na tambayi wani saurayi da ke goge gilashin mota ko ya san cewa nan filin wasa ne a da. Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baba, anya ba ɓatan hanya ka yi ba? Ni dai tun da na buɗe ido haka na ga wurin nan." Na ce masa ya yi gaskiya, ɓatan hanya na yi. Na juyo gida, ranar ko karin kumallo ban iya yi ba.

Kadunar da na yi samartaka a cikinta gari ne da ake jin sautinsa ɗaya bayan ɗaya. Da asuba ladan, bayansa begilar sojoji daga bariki, sai kukan jirgin ƙasa daga tsallaken kogi in iska ta juyo, sannan ƙararrawar kekunan ma'aikata suna gangarawa ofis da fararen riguna. Mu 'ya'yan kwatas ne, gidajen gwamnati layi-layi, kowane da mangwaro ko gwaiba a bayansa. Iyayenmu akawuna ne da masinjoji da direbobi da malaman asibiti, daga kowace kusurwa ta Arewa, har a layi guda sai ka ji Sakkwatanci da Kananci da Nufanci da Barbarci, kuma duk tukunya ɗaya muke wa layi ranar suna. Malali a lokacin gonaki sun fi gidaje yawa, Kurmin Mashi kuwa sunansa bai yi ƙarya ba. Kana wuce Kawo gari ya ƙare, sai dawa da masara har Rigachikun. Yanzu sautin garin ya dunƙule ya zama ƙugi guda, ba ka rarrabe ladan daga odar mota, maƙwabcinka kuma sai ka shekara ba ka san fuskarsa ba, katangarsa kawai ka sani.

Mutumin da nake kira Yaya ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Danga ce ta raba gidansu da namu, ya girme ni da 'yan shekaru, kuma tun ina rarrafe shi ke ɗaukata. Siriri ne, gajere, mai sanyin magana, irin mutanen da in suna cikin taro ba ka lura da su sai sun tashi. Aikinsa zanen taswira a ɗaya daga ofisoshin da jihohin Arewa suka yi tarayya a kansu a wancan lokaci, ni kuma akawu ne a wata ma'aikata ta jiha. Mahaifinsa, wanda duk layin ke kira Baba, tsohon masinja ne da ya yi ritaya, asalinsa mutumin ƙasar Bauchi. Da ya ajiye aiki aka mayar da gidan kwatas ɗin da sunan Yaya, suka ci gaba da zama tare da matar Yaya da ɗansu na fari.

A makarantar sakandare Yaya ya haɗu da kurket, a hannun wani malamin lissafi Ba'indiye. Ga wanda bai san wasan ba, ana kafa turaku uku a kowane ƙarshen wata doguwar shimfiɗa. Mai bugu ya tsaya gaban turakun da katako mai faɗi yana kare su, mai jifa kuma ya jefo ƙwallo mai tauri ta bugi ƙasa ta taso masa. In ta ka da turke, ko ya buga aka cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko ya baro layinsa mai tsaron baya ya ka da turakun, to ya fita, wani ya shigo. Samarin lokacin kowa jifan ƙarfi yake so, a sheƙo da gudu a wurgo ta kamar harsashi. Yaya ba shi da ƙirjin wannan, kullum shi ake bari a gefe yana tsinto ƙwallo. Malamin nan ne ya kira shi wata rana, ya kama wuyan hannunsa ya lanƙwasa, ya nuna masa yadda ake murɗa ƙwallo da yatsa tun tana hannu, ta tafi a hankali tana juyi, in ta taɓa ƙasa ta kauce wa inda ido ya zata. Yaya ya ce mini daga ranar bai ƙara riƙe wani abu mai zagaye ba tare da ya murɗa shi ba. Lemun tsami, goruba, albasar miya, duk sun sha wuya a hannunsa, har mahaifiyarsa ta riƙa ɓoye tumatir in ta ji tahowarsa.

Shi ya jawo ni cikin wasan, ba don ina so ba. Ya ce jifansa ba ya da amfani sai da wanda zai tsuguna a bayan turaku ya cafe abin da mai bugu ya kuskure, kuma duk waɗanda aka gwada sun kasa, domin ƙwallon tana ruɗa su kamar yadda take ruɗa mai bugun. Ya sa mini safar hannu ta fata da ta yi mini yawa, ya ɗaura mini matashi a ƙauri, ya ce, "Ƙanena, kar ka kalli ƙwallo, kalli hannuna." Na sha duka a haɓa da ƙirji da yatsu kafin in gane. Yana da jifa iri biyu. Akwai wadda yake kira 'yar gida, mai kaucewa ta nisanci mai bugu. Akwai kuma wadda ya sa wa suna maƙaryaciya, wadda ke tahowa kamar 'yar gida sak, amma tana taɓa ƙasa ta juyo ciki ta shige tsakanin katako da ƙafa. In zai jefa maƙaryaciya bayan hannunsa kan leƙo ni kamar ƙiftawar ido. Ni kaɗai na iya ganin wannan, kuma wannan ne duk abin da na taɓa fin wani da shi a duniya.

Ƙungiyarmu taron dangi ce. Akwai Indiyawa malaman makaranta da injiniyoyi, da Turawa biyu-uku da suka rage daga tsohon zamani, da Yarabawa da mutanen kudu masu aikin safiyo, wato awon ƙasa, da lantarki, sai mu 'yan Arewa da ba mu cika tafin hannu ba. Aikin filin kuwa namu ne mu duka, babu babba babu yaro. Tun yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu ɗebo ruwa a garwa mu yayyafa wa jar ƙasar tsakiyar fili, mu ja gangar da aka cika da siminti a kanta har ta kwanta lumui. Da safiyar Asabar mu fito da dardumar igiyar kwakwa daga sito, mutum shida ke ɗaukarta, mu shimfiɗa mu ja ta da ƙarfi mu kafe da manyan ƙusoshi. Har yanzu in na ji ana buga ƙusa da guduma daga nesa sai gabana ya motsa. Fararen kayanmu matar Yaya ke wankewa, ta sa bula, ni in goge da dutsen guga na gawayi, tana yi mini tsiya irin ta matar wa da ƙanin miji. Takan ce, "Ƙattai guda sun sa fari kamar masu zuwa Idi, wai za su je su wuni suna tsare muciya." Katakon bugun take kira muciya. In azahar ta yi a tsaya, mu yi alwala da buta a gindin dalbejiya mu yi salla, matan Indiyawa kuma su buɗe kwanuka da wani soyayyen abu mai kama da ƙosai mai yaji har hanci. Babu wanda ake biya ko kwabo. Yara na yanzu in na faɗa musu haka sai su tambaye ni to me ake samu a ciki.

Baba bai taɓa zuwa kallo ba. Yakan zauna a kujerarsa ta ƙofar gida da rediyo a cinya, in mun wuce da jakar kaya ya ce, "A dawo lafiya, 'yan aikin banza da wofi." Ba da zafi yake faɗa ba. Maganarsa kullum ita ce aikin gwamnati rijiya ce, ba ta cika tulu da sauri amma ba ta ƙafewa, wasa kuwa ruwan kududdufi ne, rana ɗaya ta bazara ta ishe shi. Yaya sai ya yi murmushi ya ce Allah ya ja kwanan Baba, mu wuce.

Sai wata shekara aka ce ƙungiya za ta zo daga Legas, cikinsu har da masu buga wa ƙasa. Ranar filin ya cika yadda ban taɓa gani ba, har masu rake da masu gyaɗa suka kafa kasuwa. Mu muka fara bugu, ba mu tara abin kirki ba. Da suka shigo kuwa suka riƙa dukan masu jifan ƙarfinmu kamar ana sussukar dawa, ƙwallo na faɗawa cikin gonar rogon da ke bayan fili. Can bayan la'asar kyaftin ɗinmu, wani Bayarabe mai aikin safiyo, ya miƙa wa Yaya ƙwallo kamar wanda ya rasa abin yi. Wanda ke bugu a lokacin wani ƙato ne mai faɗin kafaɗa, da ya ga Yaya na tahowa da ɗan takunsa na mai zuwa sayen goro sai ya juyo ya ce mini da Turanci wai wannan yaron aiken wa ya zo. Na gyara tsugunona. Yaya ya jefa masa 'yar gida, ƙaton ya kai mata duka ya sami iska, na cafe. Ya sake jefa wata, haka. Ta gaba na ga bayan hannun ya leƙo. Ƙaton ya matso zai tare ta inda waɗancan suka bi, ta juyo ta shige ta ƙarƙashinsa, turken tsakiya ya kwanta. Ƙarar da ya yi ƙarama ce, ƙwas, amma filin nan ya yi tsit har ana jin kukan kurciya, sannan aka ɓarke da ihu. Kafin rana ta faɗi Yaya ya fitar da fiye da rabinsu, wasu ya ka da turakunsu, wasu ya yaudaro su suka baro layi na ƙarasa su. Muka ci su. Masu rake da ba su san kan wasan ba suka ɗauki Yaya a kafaɗa har bakin titi, shi kuwa yana ta roƙonsu su sauke shi, kunya kamar ta kashe shi.

Wani dattijo cikin baƙin, wanda aka ce yana cikin masu zaɓen 'yan wasan ƙasa, ya riƙe hannun Yaya yana jujjuyawa kamar mai tayin kaya. Ba a jima ba aka kira shi Legas gwaji. Shi kaɗai aka kira. Muka raka shi tashar jirgi, matarsa ta ƙulla masa dambun nama da soyayyar gyaɗa, Baba ma ranar ya sa hannu a kansa ya yi masa addu'a. Na koma gida ina jin kamar ni za a gwada.

Ya dawo a rame. Ban tambaye shi komai ba sai da muka keɓe a bayan gida, gindin gwaiba. Ya ce, "Ƙwallon ta juya, ƙanena. Wallahi ta juya fiye da yadda take yi a nan. Amma wanda suka sa a baya bai san hannuna ba. In mai bugu ya kuskure, shi ma ya kuskure, ta wuce su duka, a rubuta maki a kaina. Sau nawa mutum ya baro layi, da kai ne da tuni ya fita." Na ce ai sai ya gaya musu. Ya ce ya gaya musu, suka ce ba a zaɓen mutum da ƙaninsa. Sai dai dattijon nan ya ja shi gefe ya ce kar ya karaya, baɗi za a sake kiransa, kuma zai yi ƙoƙari a kira mu tare. Daga ranar wannan baɗin ta zama abincinsa. Kullum aka tashi daga ofis muna fili har magariba, yana jifa ina cafewa, yatsansa na tsagewa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Ana cikin haka aka ƙara yawan jihohi, aka rushe ofisoshin tarayyar nan, aka ce kowane ma'aikaci ya koma jihar iyayensa. Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, ban motsa ba. Yaya kuwa, da aka haifa a Kaduna, wanda bai san garin ubansa ba sai da ziyarar Salla, aka tura shi can wani gari a ƙasar Bauchi, har da ƙarin girma. Baba ya yi murna irin wadda ban taɓa ganin ya yi ba. Ya fara rabar da tarkacensa, yana cewa Allah ya karɓi roƙonsa, zai kwanta kusa da iyayensa. Ina gidan da yammar da Yaya ya durƙusa gabansa ya ce shi ba zai tafi ba, zai ajiye aikin.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "Sake faɗa, kunnena ya tsufa."

Yaya ya ce, "Baba, can babu fili, babu darduma, babu mai tsaya mini a baya. In na tafi shi ke nan. Shekara ɗaya nake roƙo. Sun ce baɗi za su kira ni."

Baba ya ce, "Baɗi ta Allah ce, ba ta mutanen Legas ba. Ni na yi rayuwata ina ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, ina tsayuwa in wani yaro ya shigo, don kai ka zauna a kujera. Yanzu an ƙara maka kujerar, ka ce za ka tashi saboda ƙwallon da ko akuya ba ta ci?"

Yaya bai ɗago ba. Ya ce akwai wani ɗan kwangila da ya yi masa alkawarin aikin zanen gidaje, albashin ma ya fi na gwamnati. Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kai ma da bakinka a ciki?" Na ce wallahi yanzu nake ji. Ya mayar da dubansa ga Yaya, ya ce, "Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ni dai zan tafi gida." Matar Yaya tana bakin madafa tana jin komai, na ga ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Haka aka yi. Baba da mahaifiyar Yaya suka hau motar kaya suka tafi, aka karɓe gidan kwatas, Yaya ya kama hayar ɗaki biyu a Kurmin Mashi. Abin da bai lissafa ba shi ne ba shi kaɗai aka tura ba. Kyaftin ya koma jiharsu ta Yamma. 'Yan Arewan da muke tare, wannan Sakkwato, wannan Minna, wannan Yola. Turawan suka tattara, Indiyawan kuma kwantiraginsu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, malamin lissafin nan ma ya zo ya yi mana sallama yana hawaye. Asabar ta farko bayan damina muka taru ba mu kai rabin ƙungiya ba. Muka roƙi 'yan makaranta su cike, suka zo sau ɗaya sau biyu, sai ƙwallon ƙafa ta janye su. Garin ya cika da kuɗin mai, kowa na neman kwangila, wa zai wuni a rana yana tsare muciya? Baɗin ta zo ta wuce, ba a kira ba. Da Yaya ya bincika aka ce dattijon nan ya yi ritaya ya bar ƙasar, waɗanda suka gaje shi kuma ba su taɓa jin labarin wani mai jifan murɗe a Kaduna ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a wannan lokacin ne jifansa ya kai ƙarshen kyau. Mu biyu muke zuwa filin. Ba mu iya ɗaukar dardumar duka, sai mu ja ta da ƙyar mu shimfiɗa rabi. Ya kafa turaku, ya koma ya taho da ɗan takun nan nasa, ya jefa, babu kowa a gaban turakun. Wata ta juya har sai na yi tsalle gefe kafin in cafe, in ɗago in ce, "Yaya, wannan ko wa ye ya fita!" Shi kuma ya ce, "Wa?" Sai mu yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki. Wani lokaci masu kiwo su tsaya da shanunsu suna kallonmu, na san a ransu sun ɗauka taɓaɓɓu ne. Ana nan aka aiko cewa Baba ya rasu. Kafin Yaya ya isa an riga an binne shi. Ya dawo bai yi maganar ba, ni ma ban yi ba, amma mun daɗe ba mu je fili ba. Da muka koma bayan wata damina muka buɗe sito, muka ɗaga dardumar, sai ta rabe a hannunmu. Gara ta cinye cikinta tas, ta bar fatar sama. Yaya ya tsuguna ya ɗebi garin a tafinsa ya duba, ya kakkaɓe, ya ce mu tafi kar mu rasa jam'in magariba. Bai sake jifa ba.

Sauran labarin ba shi da tsawo, ko da yake shi ya fi yawan shekaru. Ɗan kwangilar ya karye, aikin zane ya tsaya. Surukinsa ya ba shi gona a Rigachikun, ya koma can da iyalinsa, yana noman masara yana ɗan sayar da hatsi ranar kasuwa. Waɗanda suka shiga ofis tare da shi suka zama manyan sakatarori, ana kiran sunayensu a rediyo, wasu in sun wuce a mota sun gan shi da buhu a bakin hanya su tsaya su gaisa, wasu su ɗaga gilashi. Matarsa ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ban taɓa jin ta goranta masa ba, amma tsiyar nan da take yi mini ta daina. Ni na yi aikina har na yi ritaya, na gina ɗan gidana a Malali. Nakan je gaishe su, mu yi hirar taki da farashin masara da ciwon gwiwa. Maganar kurket ba ta shiga tsakaninmu, kamar mutum biyu da suka binne wani tare.

Sai a ciwonsa na ƙarshe ya ɗauko ta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, maganarsa na fita da ƙyar. Ya sa aka fita aka bar mu. Ya ce, "Ƙanena, zan tambaye ka, ka ji tsoron Allah ka faɗa mini gaskiya. Da gaske tana juyawa?"

Na ce, "Yaya, wace irin tambaya ce wannan?"

Ya ce, "Na ba yaran nan labari, na ga suna kallon juna. Har ni ma na fara shakka. Na ce ko dai ƙuruciya ce ta ƙawata mini abin, na ƙi bin ubana a kan abin da bai kai ya kawo ba."

Na ce, "Wallahi tana juyawa. Ban ga kamarka ba kafin kai, ban gani ba bayanka. Ga yatsuna nan a karkace, su ne shaida."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ke da rai. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Sai dai ko ta juya, me ta juyo mini da shi?" Na share masa hawayen. Bai ƙara sati a duniya ba.

Ranar addu'ar uku, bayan jama'a sun ragu, muna zaune a tabarma a ƙofar gida, babban ɗansa, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya matso kusa da ni. Ya ce, "Baffa, don Allah wannan wasan da mahaifinmu ke faɗa, wai har an kira shi Legas, da gaske ne? Mu dai ba mu taɓa ganin ko hoto ba." Na ce da gaske ne, na shiga ba su labarin ranar da muka ci mutanen Legas. Jikoki suka kewaye ni. Wani ƙarami ya ruga cikin gida ya dawo da 'yar ƙwallon roba da suke wasa da ita, ya sa mini a hannu ya ce in nuna musu yadda kakansu ke yi. Na miƙe da ƙyar. Na riƙe ta, na jujjuya yatsuna a kanta, sai a lokacin na gane ban san inda ake sa su ba. Duk shekarun nan daga gaba nake ganin hannun, ban taɓa tsayawa a bayansa ba. Na lanƙwasa wuyan hannu yadda nake tunawa, na jefa. Ta bugi ƙasa ta tafi sak, ba ta kauce ko da faɗin yatsa ba, ta gangara ta faɗa kwata.

Yaran suka fara dariya, wani babba ya harare su suka haɗiye. Babban ɗan ya kama hannuna ya zaunar da ni a hankali, ya ce, "Ikon Allah. Sannu, Baffa. Allah ya jiƙan Baba." Na ce amin. Daga yadda ya faɗa na san bai yarda ba, kuma babu sauran wanda zan kira ya tsaya mini.